Murhun Mai Sauƙi: na ɗora itacen gidana a sikeli

Duk matar da ke girki da itace a Yamai, kuma har yanzu tana kan duwatsu uku, shawarata ta je kasuwar Katako ta sayi Mai Sauƙi. Amma ta tafi da tukunyarta a hannu. Wannan sharaɗin shi ne rabin maganar. Na ga mata da dama sun saya da ka, an kawo gida tukunya ta ƙi shiga ko ta yi ta lilo a ciki, sai a jefa shi bayan ɗaki a ce ai ƙaryar 'yan furoje ce.

Ga wadda ba ta san shi ba, ƙarfe ne aka naɗe kamar bokiti, da ƙofa ɗaya a gindi inda ake tura itace, da 'yan ƙarafa a ciki da tukunya ke zama a kai. Tukunyar na nutsewa har kusan wuya. Tsakanin cikinta da bangon murhun akwai 'yar rata da yatsa ke shiga da ƙyar, kuma a nan duk dabarar take: harshen wuta ba shi da mafita sai ya bi jikin tukunya tun daga gindi har sama. A kan duwatsu uku kuwa iska ce mai rabo, kaɗan ga tukunya, saura ga sararin Allah. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1980, bayan farin da ya jigata ƙasar nan, ake yaɗa shi tare da ɗan'uwansa na laka da ake kira Albarka.

Nawa na saye shi a layin maƙera, wajen wani dattijo da ke yanka tsofaffin duro da kurfi da guduma. Na nuna wani babba da ya ba ni sha'awa, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, lamba nawa ce tukunyarki?"

"Lamba 5 ce, Baba, ga ta nan cikin buhu."

Ya karɓa, ya jefa ta cikin murhu biyu ya fitar, a na uku ya zagaya yatsansa a ratar, sannan ya ce: "Wannan ne naki. Wancan da kika nuna icce zai ci miki, ki dawo kina zagina." Da ciniki da komai bai kai jika uku ba.

Abin da ya sa na kai ga awo kuwa, babban ɗana ne da ke Jami'ar Abdou Moumouni. Ya zo da wani shafi a wayarsa wanda ke lissafa wa mutum yawan iskar kabon da yake fitarwa a shekara. Muka zauna muna amsa tambayoyi: sau nawa kike hawa jirgin sama, da me kike ɗumama gida lokacin sanyi, motarki wace iri ce. Dariya kawai muka yi ta yi. Har muka kai ƙarshe ba a tambaye ni da me nake tuƙa tuwo ba. Ni kuwa malamar lakwal ce, kimiyya nake koyarwa, ban iya barin lissafi a rataye. Na aro sikelin rataye wajen maƙwabcinmu mai sayen tsohon ƙarfe, na riƙa auna itace kafin a hura wuta, da yamma in auna abin da ya rage.

Mu tara ne a gida. A kan duwatsu uku muna ƙona wajen kilo 7 a wuni. Da Mai Sauƙi, abinci iri ɗaya, hannu ɗaya, ya sauko wajen kilo 5. Wato itacen da ke kai mu kwana biyar yanzu yana kai mu mako. Kilo ɗaya na busasshen itace idan ya ƙone yana sakin kimanin kilo 1.7 na iskar kabon. Kada wannan ya ba ku mamaki, kabon ɗin da ke cikin itacen ne ke haɗuwa da iskar da wuta ke sha, shi ya sa abin da ya tashi ya fi abin da aka ƙona nauyi. To kilo 7 sau kwana 365 ya haura kilo 2,500 na itace, wato fiye da tan 4 na iskar kabon a shekara. Kilo 5 kuwa tan 3 da ɗan ɗoriya. Wannan ɗan ƙarfen na jika biyu da wani abu ya sauke mana sama da tan ɗaya.

Na gwada da moton maigida don in ga bambanci. Lita ɗaya ta esansi tana ba da kimanin kilo 2.3, shi kuwa yana shan kamar lita guda a wuni tsakanin gida da wurin aiki, ka ga wajen kilo 840 ke nan a shekara. Ashe abin da murhun ya rage ya fi duk abin da moton ke fitarwa. Maigida ya ji daɗin wannan labari fiye da yadda ya kamata.

A nan ne ɗana ya tsayar da ni. Ya ce, "Inna, ai a ƙididdigar duniya ɗan Nijar wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya yake fitarwa a shekara, Ba'amurke kuma ya haura tan 13. Ina kika samo tan 4?" Gaskiyarsa, ko da yake tan 4 ɗin na mu tara ne. Waccan ƙididdiga man fetur da gawayin ƙasa da gaz da siminti take dubawa, ba ta sa itacen girki, bisa hujjar cewa bishiyar da aka sare za ta sake tohowa ta shanye kabon ɗin da aka saki. Hujjar tana tsayawa ne in dajin yana samun sararin tohowa. Wanda ya san hanyar Torodi da ta Say, ya ga manyan motoci na shigo da geza da sabara da taramniya an labta har sun karkace, ya san sara ya fi toho sauri a kewayen birnin nan. Dattawan unguwa suna faɗa, da a kusa ake samo itace, yanzu kullum sai an ƙara nisa. Kowace ranar 3 ga Agusta ina fita da ɗalibaina mu dasa itatuwa, a yi hoto, a tafa. Ban raina ba, amma ɗan dashen da muke yi ba ya biyan kilo 730 ɗin da gida guda zai iya barin wa daji a shekara ta hanyar canza murhu kawai.

Ba na ɗauke wa masana'antun Turai da Amurka da Sin laifinsu in ɗora wa mai tuwo. Zafin watan Afrilu da ke hana mu barci ba daga madafarmu ya fito ba. Abin da na gani dai shi ne, a cikin abin da ke hannunmu, murhu ne babba.

Za a ce to gaz fa? Ina da butel mai kilo 6, da shi nake shayi da kunun safe da ɗumame. A lissafin kabon ya fi Mai Sauƙi nesa ba kusa ba: kilo ɗaya na gaz kimanin kilo 3 yake bayarwa, butel guda kilo 18 ke nan, ko da za mu sha butel 4 a wata ba za mu kai tan ɗaya a shekara ba. Ga shi babu hayaƙi, tukunya fes. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da yawa a Yamai. Matsalarsa ranar da ya ɓace ne. Duk mun san zagayen da yara ke yi da butel a bayan moto daga shago zuwa shago, in an samu kuma farashin ba shi ne na jiya ba. Ranar nan kowa itace yake komawa, kuma gara a koma kan Mai Sauƙi da a koma kan duwatsu.

Aibinsa kuwa yana da shi. Jikinsa na yin zafi sosai, mai yaro mai rarrafe ta sa ido. Ba shi da nauyi, in tuwo ya yi tauri kina tuƙi sai ya nemi tafiya da ke. Ni na tokare nawa da bulo biyu. Ba ya cin gungume, sai an faskara itace ƙanana, in babu mai faskare a gida wannan wani kuɗin ne. Hayaƙi ya ragu amma bai tafi ba, idona har yanzu yana ruwa in itacen bai bushe ba, don haka a fili ake amfani da shi, ba cikin ɗaki ba. Lokacin sanyi kuma surukata ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, ta ce wuta ce mai rowa, ba a jin ɗuminta. Ita kam na bar mata duwatsunta a kusurwa daga Disamba zuwa Janairu. Kuma tukunya ɗaya yake ɗauka: in kina son miya da tuwo a lokaci guda, biyu za ki saya, kowanne da lambarsa. Tukunyar suna ko ta biki ba ta shiga.

Damina ce ajalinsa. Toka in ta jiƙe tana cin ƙarfe, daga gindi yake fara hujewa. A zubar da tokar kowace yamma, a kife shi ƙarƙashin rumfa. Wajen saye kuma a ƙwanƙwasa shi da yatsa, a ɗaga a ji nauyi. Akwai waɗanda ake yi da falle mai laushi, suna da arha da ƙyalli, amma wuta na lanƙwasa su nan da nan. Na ƙarfen duro ya fi muni a ido, wani ma da sauran fenti a jikinsa, sai an hura masa wuta a fili ba tukunya fentin ya ƙone kafin a ɗora abinci. Shi za a ɗauka, ko da an ƙara dala ɗari a kai.