Hattara da mai sayar da robar "ƙarin lodi": muryar da ke yabonta tawa ce, kada ku yarda da ita

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu motocin lodi na Garwa, Marwa, Ngaundere har Kusiri.

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp tun bayan girbi. Wani mutum ne yake cewa ya ɗaura wa Hilux ɗinsa sabuwar roba, ya yi lodi, bayan motar ko gezau. To wannan mutum ni ne, ban ƙi ba. Na yi maganar ne ran da aka ɗaura robar, motar ba ta yi ko tafiyar kilomita goma ba. Yau sati biyar ke nan tana gareji a kan jek, shasinta ya tsage, shi kuwa wanda ya karɓi muryata yana can yana cin kasuwa da ita.

Robar da nake nufi kowane direba ya santa, ko da bai taɓa kula da ita ba. Leƙa ƙarƙashin bayan motarka, tsakanin shasi da aksul, wanda makanikanmu ke kira pon, za ka ga ɗan guntun baƙar roba a kowane gefe. Wasu su ce tampon, wasu su ce bute. Aikinta ɗaya ne: in mota ta faɗa rami, sifirin ya lanƙwashe iya lanƙwashewa, ita ke shiga tsakani don kada ƙarfe ya daki ƙarfe. In ba a kai nan ba, zamanta take yi kawai.

A shafin Facebook na fara ganin tallar. Hotuna masu kyau, roba doguwa mai sheƙi a cikin kwali, da bidiyon wata mota shaƙe da kaya tana tafiya sumul. Na tura saƙo, ba a yi minti goma ba mai tallar ya kira. Hausarsa ras, yana jefa Fillanci yana jefa Faransanci, kai ka ce tare muke shan shayi a tasha. "Alhaji, buhu nawa kake ɗauka?" Na ce goma, in na matsa sha biyu. Sai ya yi dariya. Ya ce ai wasa nake da mota, in na sa wannan robar buhu ashirin zan ɗora, sifirin ba zai ji ba, shokozoba ba za ta ji ba. Kaya daga Amurka suke, suna shagonsa a Duwala, sefa dubu 85 guda biyu. In tura dubu 40 kafin alƙalami ta kuɗin waya, ciko in kaya sun sauka.

Ni kuwa na yi lissafin da kowane mai mota zai yi. Masara nake kwasowa daga ƙauyukan Ngong zuwa Garwa. Buhu ashirin a sawu ɗaya, mai ɗaya, yini ɗaya. Kafin a gama kaka na fanshe kuɗina har da riba. Ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota tsakanin Ngaundere da Njamena, ya ce da ni, "Ɗana, in jaki ya gaji ba a sake masa akumari a ce ya zama raƙumi." Na ce, Kawu, ai zamani ya canza. Ya yi shiru.

Bayan kwana shida kwali ya iso ta motar fasinja. Wannan ne ma ya ƙara kwantar min da hankali, don na ce ɗan damfara ba ya aiko da kaya. Na biya ciko. Robar kuwa nauyi gare ta kamar dutse, an shafe ta da baƙin fenti mai ƙyalli, babu lamba a jikinta, babu takardar bayanin ɗauri, ba ta kuma yi kama da ta hoto sosai ba. Na kira, ya ce sabon samfuri ne, na Afirka, mai jure zafi. Makanikena ya jujjuya ta a hannu, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Maigida, wannan fa ba ta numfashi." Duk da haka na ce ya ɗaura. Da aka sauke motar daga jek, robar ta zauna daram a kan aksul alhali babu ko buhu ɗaya a baya. A yammacin nan mutumin ya kira, ya ce in yi masa ɗan saƙon murya na yabo, zai maido min da dubu biyar na goro. Na yi. Dubu biyar ɗin har yau suna hanya.

Gaskiya ne bayan motar ya daina zama. Abin da ban gane ba shi ne dalilin. Ba ƙarfi aka ƙara mata ba, turke aka kafa tsakanin aksul da shasi. Sifirin ya daina aiki, shokozoba ta daina aiki, duk dukan da hanya ta yi kai tsaye yake hawa shasi. Yaron motata tun rana ta biyu yake cewa bayansa na ciwo. Ni ma haƙorana har kaɗawa suke a kan gargada, amma ina ganin buhu sha takwas a baya sai in ce ai wahala ce mai riba.

Sawu na tara, a kan hanyar burji kafin mu hau kwalta, muka faɗa wani rami da na sha faɗawa ba komai. Sai na ji ƙas! kamar an karya busasshen icce. Bayan motar ya karkace dama. Muka leƙa, robar gefe ɗaya ta dare biyu, ƙusar da ke riƙe da ita ta guntule, shasi kuwa ya tsage daidai inda take dukansa, tsagar da farce ke shiga. Na ɗauki ɓarin robar na duba. A ciki ga zare-zare da guntayen waya, irin na tsohuwar tayar babbar mota. Taya aka yanka, aka goge, aka huda, aka yi wa fenti. Na tsaya riƙe da ita a gefen hanya, masarar mutane a baya, ina tunanin da a gangaren Falez ne, wajen Mbe, abin ya faru, da wani labarin ake yi.

Daga baya na nemi sanin ta gaskiyar, abin da ya kamata in yi tun farko. Akwai ta, ba ƙarya ba ce. Kamfanin Timbren na Kanada yana yi, akwai kuma SumoSprings na Amurka, hotunan irinsu ma mutumin ya kwaso yake talla da su. Ta farko roba ce mai rami a ciki, ta biyu kamar soso mai tauri, duka biyun suna lotsewa a hankali, nauyi na ƙaruwa suna ƙara tauri. Kowace mota da lambar tata, tana zuwa da ƙarfen ɗauri da takarda. Suna rage zaman baya da tangaɗi in akwai kaya. Amma su kansu masu ƙera su sun faɗa ƙarara cewa ba sa ƙara nauyin da aka yarda mota ta ɗauka. Wannan nauyi yana rubuce a kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar motarka. Hilux abin da take ɗauka bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba, har da direba da yaron mota. Buhun masara kilo 100 ne, sai ka lissafa. Ko da robar zinariya ka sa, birkin nan shi ne dai, tayoyin su ne, boris ɗin ƙafa shi ne, shasin shi ne. Duk wanda ya ce maka roba za ta ninka lodi, to ko kayansa na asali ne, bakinsa na jabu ne.

Ashe ma ni ina cikin masu sa'a, tunda na ga kwali. Da na fara magana a tasha, mutum uku suka fito. Ɗaya mai kai albasa daga Marwa, ya tura kafin alƙalami, aka ce kaya sun maƙale a kwastan sai ya ƙara dubu 15, ya ƙara, waya ta mutu. Ɗaya kuma daga Kusiri ya kira ni, ya ce shi muryata ya ji ya tura kuɗi, don ya san ni ba na wasa da mota. Wallahi wannan ya fi tsagewar shasin ciwo. Ga alama haka tsarin yake: a aika wa mutum ɗaya da aka sani kaya, a karɓi yabonsa tun da zafi, a yi farautar goma da shi.

Sunan shafin ba zan rubuta ba, don ya canza shi sau biyu tun lokacin, lambar wayar ma haka. Alamominsa dai ba sa canzawa. Ba ya tambayar shekarar motarka ko samfurinta, roba ɗaya ce wai ta shiga Hilux ta shiga Land Cruiser. In ka ce akwai ɗan'uwanka a Duwala da zai je shago ya gani, sai ya ce yana tashar jirgin ruwa wajen fito da kwantena. Sunan da ke fitowa a waya lokacin tura kuɗi daban yake da wanda ya gaya maka, ya ce na matarsa ne. Kullum kuma saura guda biyu suka rage.

Mu huɗu mun haɗu mun kai ƙara wurin jandarma, da saƙonnin tura kuɗi da hotunan hirar da ɓarin robar. Zamba laifi ne a sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, akwai kuma dokar 2010 kan laifukan intanet, da hukumar ANTIC da ake kai wa irin wannan rahoto. Wanda abin ya shafa kada ya goge saƙo ko ɗaya, kada kuma kunya ta hana shi fitowa, ni ma ta kusa hana ni. Wanda kuma ya riga ya ɗaura robar, ya sauke kaya ya leƙa yau ɗin nan, ya duba shasi daidai wurin da fitila, ya cire ta ya mayar da ta asali. In bayan motarka na zama da lodin da bai wuce ƙa'ida ba, sifirin ne ya gaji, shi za ka gyara.

Mai walda ya ce zai ɗinke tsagar ya ƙara faranti ciki da waje, amma ya gaya min gaskiya, motar ba za ta koma kamar da ba, kuma ran da zan sayar sai na faɗa wa mai saye. Kawu ya zo garejin jiya, ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya tambayi mai walda nawa ne aikin. Ni bai ce min komai ba.

Don Allah duk zauren da kuka ji an tura muryar nan, ku tura wannan rubutu a ƙarƙashinta.