Sharhi kan littattafan zane na Japan da na saya wa ɗana

Littattafan labarai cikin zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira manga, sun yi mini abin da malamin darasin gida ya kasa yi, domin sun zaunar da ɗana mai shekara 11 wuri guda da littafi a hannu ba tare da an yi masa tsawa ba. Na saye su ne daga wani mai sayar da littattafai ta intanet da ke Legas. Fassarar Turanci ce ta labarin wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan makaranta, kuma ta mota aka aiko mini da kwalin zuwa Bauchi. Na yi fargabar tsarin karatun zai rikita shi, saboda daga dama ake buɗe su ana tafiya hagu, amma yaron da ya tashi da allo bai ga wani baƙon abu a nan ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne wata rana bayan sallar Magariba, lokacin da ya same ni da littafin a buɗe ya ce, "Baba, ashe su ma ba sa shiga ɗaki da takalmi, kuma dubi yadda wannan yaron ya rusuna wa malaminsa." Daga nan ya riƙa juya shafuka yana nuna mini inda ɗalibai ke share ajinsu da kansu, da inda iyali suka zauna a ƙasa suna cin shinkafa, da inda 'yan wasan suka je wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, wadda nan take ya ce irin ta Wikki ce da ke Yankari. Yaron da a baya bai bambanta Japan da Sin ba ya nemi taswira ya gano Tokyo da kansa. Da na ba shi labarin yadda Japan ta ci Jamus 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, magoya bayanta kuma suka tsaya kwashe shara a filin wasa, sai ya ce ai dama haka suke. Ya faɗe shi ne da tabbacin wanda yake magana a kan maƙwabtansa, alhali bai taɓa ganin mutumin Japan ido da ido ba.

Wannan ba dace ba ne, aiki ne da gwamnatinsu ta sa wa hannu. A 2007 ma'aikatar harkokin wajen Japan ta kafa lambar yabo ta manga domin masu zane na wasu ƙasashe, a 2008 kuma ta naɗa Doraemon, wani kyanwa na labarin zane, a matsayin jakadan al'adu. Ko lokacin da Japan ta kai tankokin ruwa garin Samawa na Iraƙi, an manna musu hoton wani yaro ɗan ƙwallo na labarin zane wanda yaran Larabawa suka daɗe da sani. Na ga amfanin wannan dabara a cikin falona.

Sai dai da na tuna yadda cinikin ya kasance, raina yakan ɓaci. Na biya kuɗin cikakken jeri, amma da muka yi nisa sai muka tarar babu juzu'i na shida, wanda a cikinsa ne ake kammala wasan da labarin ya daɗe yana shirya mai karatu a kansa. Juzu'i na takwas kuwa ba na asali ba ne, kwafi ne da aka buga a inji aka yi masa bango, tawadar ta yi baƙi ƙirin har fuskokin mutane sun ɓace, kuma a littafin da zane ne ke ɗauke da rabin labarin, wannan asara ce babba. Mai sayarwar ya yi ta cewa zai aiko, daga baya ya daina ɗaukar waya. Yaron ya yi kwanaki yana tambayata ko kwalin ya iso, kuma hakan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Akwai kuma shafuka kaɗan da suturar 'yan matan cikinsu ba ta dace da tarbiyyarmu ba, don haka wajibi ne uba ko uwa su riga yaro dubawa. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne na zagaya shagunan littattafai na Wunti ina neman makamancinsa da Hausa, ko labarin Malam Yakubu da kafuwar Bauchi, ko rayuwar Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda hubbarensa ke nan cikin gari, ban samu ba.

Littattafan kansu zan sake saye, amma ba a wurin wannan mutum ba, kuma ba zan cika kuɗi ba sai an buɗe kwalin a tasha na ƙirga juzu'an ɗaya bayan ɗaya.