Fitilar zobe ta selfi: tana gyara hoto, idan ba a kunna ta yadda mai shago ya nuna ba

Fitilar nan mai siffar zobe ta cika shagunan kayan waya a babbar kasuwar Garwa da ta Marwa a arewacin Kamaru, kuma masu kwalliyar amare da masu ƙunshi da masu tallan atamfa a WhatsApp duk sun rungume ta. Wadda na yi aiki da ita ƙarama ce, faɗinta santimita 26, babu wani sunan kirki a jikin kwalinta. A ciki akwai zoben, da sanda mai ƙafa uku, da maƙalin waya, da igiyar USB mai maɓalli huɗu: na kunnawa, na sauya launi, na ƙari da na ragi. Launin haskenta uku ne: fari fat, ruwan ƙwai, da tsaka-tsaki. A ganina ta ci kuɗinta, amma ba don dalilin da ake sayenta ba.

Babban amfaninta ba hasken ba ne ma, sandar ce. Mai ɗaukar selfi da hannu yana riƙe waya dab da fuska, kyamarar gaba kuma mai faɗin gani ce, don haka duk abin da ya fi kusa da ita sai ya kumbura. Hanci ne a gaba, shi ke shan wahala, kunnuwa kuma su noƙe baya. Wani bincike da likitocin tiyatar fuska a Amurka suka wallafa a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Ke nan yarinyar da ke kallon hotonta tana jin haushin hancinta, ba hancinta take gani ba. Ki kafa sandar a tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wayar daidai tsayin ido, ki sa ƙirgen daƙiƙa uku ko goma, in ya so ki yanke gefen hoton daga baya. Idan da hali a juya kyamarar baya, ta fi ta gaba kyau a yawancin wayoyi.

Sai maganar launi, inda kusan kowa ke kuskure. Mai shago yakan kunna fari fat ya ƙure shi, domin ya fi ɗaukar ido. A baƙar fata ko wankan tarwaɗa wannan hasken yana toka fuska, goshi da kan hanci su yi ƙyalli, hoda ta fito fari-fari kamar an shafa alli. Tsaka-tsaki ya fi, a mataki na huɗu zuwa na shida cikin goma. Ruwan ƙwai yana dacewa da dare da jan lalle, sai dai yana sauya launin atamfa, shuɗi ya koma wani abu dabam, mai saye kuma ta ce an yaudare ta. A kashe ƙwan ɗaki, kada launi biyu su haɗu a fuska ɗaya. A kuma tuna, duk lokacin da aka ninka tazarar fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka matsar da ita taku ɗaya ya fi danna maɓalli tasiri. Bayan an saita, a taɓa fuska a allon wayar, a ja alamar rana ƙasa kaɗan, domin waya na yawan ƙara haske da kanta idan ta ga fata mai duhu. A zafin Maris da Afrilu, goge maiƙon fuska kafin ɗauka ya fi ƙara hoda.

Abin da fitilar ba za ta iya ba shi ne kashe gyaran fuska da ke cikin kyamara. Wayoyi da dama suna zuwa da shi a kunne: sulɓin fata, ƙarin fari, rage muƙamuƙi, ƙara girman ido. A shiga a mayar da kowanne sifili, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya haɗa farin haske da wannan gyaran zai samu fuskar da ba ta kowa ba ce, kuma idan ido ya saba da ita, madubi sai ya fara zama abokin gaba. Daga nan ne wasu ke zarcewa man bilicin, don fata ta kamo hoto. Ba wasa ba ne: a watan Agusta 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da sinadarai irin su haidurokwinon da makuri, da haɗa su da sayar da su. Su ma masu TikTok sun sanar a ƙarshen 2024 cewa za su taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasu matatun gyaran fuska. Mai kwalliyar da ke tura wa amarya hoton da aka tace kuwa, kanta take cuta, domin ranar biki dangin ango da idonsu za su zo.

Ƙirar fitilar ba ta da ƙwari. Sandar siririya ce, idan aka miƙe ta duka iskar hunturu na iya kayar da ita, gara a rataya jaka mai ɗan nauyi a tsakiyar ƙafafun. Haƙoran notin da ke riƙe zoben na roba ne, ɗauri mai ƙarfi yana cinye su. Igiyar kuma daga bakin maɓallai take fara karyewa, sai a naɗe wurin da salatif tun tana sabuwa. Tana son caja mai amfiya 2. Idan aka ba ta mai amfiya 1, haske yakan yi rauni ko ya riƙa ƙyaftawa, bidiyo ya fito da layi-layi. Idan an ɗauke wuta, fawa banki mai 10,000mAh yana riƙe ta kusan awa uku a ƙure, fiye da haka a tsakiya. Ƙura tana shiga bayan farar robar ta dushe hasken, a mayar da ita kwali bayan aiki.

Mai tabarau zai ga zobba biyu a gilashinsa. Sai ya cire wayar daga tsakiya, ya ɗaga fitilar sama da kai, ya karkatar da ita gefe. Mai ɗaukar mutum sukutum, daga ɗankwali har takalmi, wannan ƙaramar ba za ta ishe shi ba: ya nemi mai santimita 45, ko ya tsaya a inuwar zaure yana fuskantar ƙofa da hantsi.