Fina-finan sistocin coci: wanne za ka kashe wa datarka, wanne za ka tsallake

Jama'a duk wanda ya taɓa shiga neman fim ɗin sistoci zai lura fostocinsu kusan duk iri ɗaya ne, mace ce da baƙin mayafi da farin ƙyalle a goshi ta sunkuyar da kai, amma wallahi abin da ke ciki ya sha bamban sosai, wani na waƙa da dariya ne da za ka kalla da yara, wani na horo ne wato na ban tsoro, wani kuma ko kusa bai kamata a kunna shi a falo ba. Kuma galibinsu kayan sistocin kawai suka ara, rayuwar gidan ba ta dame su ba. Shi ya sa nake ganin kafin mutum ya biya kuɗin wata ko ya ba mai turi memorinsa gara ya san me yake nema.

Mu nan arewa sistoci ba baƙinmu ba ne, sistocin St Louis daga ƙasar Ayalan suka iso Kano tun 1948 kuma makarantarsu ta mata tana nan a Bompai, ga wasu a Jos da Kaduna a makarantu da asibitoci, mata da yawa Musulmi da Kirista sun yi karatu a hannunsu. Amma yawancinmu iyakarmu aji ko ɗakin haihuwa, ba mu san me ke faruwa bayan an rufe ƙofar gidansu ba. Mace ba ta wayar gari ta zama sista, sai ta yi zaman gwaji, ta yi shekara ɗaya ko biyu tana koyo, sannan ta ɗauki alkawura uku: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, kuma za ta yi biyayya ga shugabarta. Fim ɗin da ya ɗauki waɗannan ukun da gaske shi nake kira fim ɗin sistoci.

To idan guda ɗaya tak za ka kalla, The Nun's Story na 1959 nake ba ka shawara, ba na ko tantama. Audrey Hepburn ce ta fito a Gabrielle, 'yar wani babban likitan tiyata a Beljiyam wadda ta shiga gidan sistoci aka sa mata suna Sista Luke, burinta a tura ta Kongo ta yi aikin jinya. Daraktan, Fred Zinnemann, bai yi gaggawa ba ko kaɗan, farkon fim ɗin gaba ɗaya koyon zaman gidan ne kuma nan ne daɗinsa yake. Za ka ga an ba kowacce ɗan ƙaramin littafi tana rubuta laifukanta na yini, ta yi magana lokacin shiru, ta makara, ta ji alfahari a ranta. Za ka ga sun taru gaban shugaba kowacce tana faɗin nata da bakinta, sauran kuma su ƙara mata wanda ta manta. Za ka ga ranar da aka sa almakashi aka datse musu gashi. Sai maganar ƙararrawa, da an kaɗa dole ki ajiye duk abin da kike yi nan take, kuma wannan ƙararrawar ce ta fi ci wa Sista Luke tuwo a ƙwarya don ita ma'aikaciyar jinya ce ta gaske, tana tsaka da rarrashin majinyaci za a kaɗa, ta bar shi ko ta saɓa doka?

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da take karatun cututtukan ƙasashe masu zafi a Antwerp, tana kan gaba a aji, sai shugabar gidan ta ce mata ko za ki faɗi jarabawar nan da gangan don ki nuna tawali'u. Ka duba fuskarta a wurin. Ba ta iya ba, ta ci jarabawa, maimakon Kongo sai aka fara tura ta asibitin masu taɓin hankali. Fim ɗin bai mai da shugabannin mugaye ba kuma bai mai da ita waliyyiya ba, mace ce mai ƙwaƙwalwa da zuciya da take ta kokawa da kanta a kan biyayya shekara da shekaru, har yaƙin duniya na biyu ya zo Jamusawa suka kashe mahaifinta aka ce ta yafe. Abu biyu zan gaya maka kafin ka sauke shi. Yana da tsawo, wajen awa biyu da rabi. Sannan ɓangaren Kongo da idon Turawan mulkin mallaka aka ɗauke shi, ya fito shekara ɗaya kafin Kongo ta samu 'yanci a 1960, baƙaƙen fata a ciki majinyata ne da masu taimako, babu wanda aka ba bakin magana na kirki, kuma ita kanta asibitin Turawa aka ajiye ta ba na 'yan ƙasa ba. Duk da haka babu tsiraici babu batsa, za ka iya kallonsa da iyayenka.

Idan kuma na zaman falo da yara kake so to zaɓin tsakanin The Sound of Music ne da Sister Act. Na farkon na 1965 ne, Julie Andrews ta fito a Maria, mai koyon zama sista a gidan Nonnberg da ke Salzburg a Ostiriya, aka tura ta rainon 'ya'ya bakwai na wani kyaftin da matarsa ta rasu. Ya ci Oska biyar, wato babbar kyautar fim ta Amurka, har da ta gwarzon fim, waƙoƙinsa kuma duk wanda ya saba da fim ɗin Indiya ba zai ji baƙunta ba. Amma gaskiya gidan sistocin kaɗan ne a ciki, farko da ƙarshe ne kawai, sai wurin da sistoci suka cire wa motocin 'yan Nazi kayan inji don iyalin su samu su tsere. Kuma ya kusa awa uku, ƙananan yara za su yi barci kafin a kai wurin. Sister Act na 1992 ya fi gajarta ya fi ban dariya, Whoopi Goldberg mawaƙiyar gidan caca ce a Reno da ta ga saurayinta ya sa an yi kisa, 'yan sanda suka ɓoye ta a gidan sistoci a San Francisco, ta karɓi ƙungiyar mawaƙansu da ba su iya komai ba ta gyara su har coci ya cika. Maggie Smith ce shugaba mai ɗaure fuska. Ni a wurina Sister Act ya fi dacewa da daren Asabar, sai dai farkonsa akwai bindiga da gidan caca, kuma kar ka ɗauka haka gidan sistoci yake, wasa ne kawai. Akwai kuma Lilies of the Field na 1963, baƙi da fari ne, wani magini matafiyi ya tsaya neman ruwan mota a Arizona wasu sistoci Jamusawa suka riƙe shi sai ya gina musu ɗan coci, da shi Sidney Poitier ya zama baƙar fata na farko da ya ci Oska ta gwarzon jarumi, fim ne mai sanyi kuma tsaf yake.

Na manya yanzu. Doubt na 2008 shi ne wanda bayan an gama za ku zauna kuna musu har dare ya raba. A wata makarantar Katolika ce a Bronx ta birnin New York a 1964, Meryl Streep ita ce Sista Aloysius shugabar makaranta mai tsanani, tana zargin Fada Flynn, wato Philip Seymour Hoffman, da wata mu'amala marar kyau da yaro baƙar fata ɗaya tilo da ke makarantar. Ba ta da hujja, tana dai da yaƙini a ranta. Ba a nuna komai na ƙazanta ba, duk magana ce a ofis da farfajiya, amma maganar tana da nauyi. Akwai wa'azin da Fadan ya yi a kan gulma, na matar da aka ce ta hau rufi ta farke matashin kai sannan ta je ta tattaro gashin tsuntsun da iska ta kwashe, daidai da abin da muke cewa magana zarar bunu. Sai Viola Davis uwar yaron, 'yan mintuna kawai ta fito tana tafiya da Sistar a bakin hanya tana hawaye tana cewa a bar mata ɗanta ya kai ƙarshen zango, amma sai da aka sa ta cikin 'yan takarar Oska tare da Streep da Hoffman. Duk malamin makaranta da duk uwa ya kamata su ga wannan. Illarsa ɗaya, idan kai mai son a gaya maka wane ne mai laifi ne a ƙarshe, ranka zai ɓaci.

Akwai biyu da labarinsu ya faru a Folan waɗanda mutane ke haɗawa. Ida na 2013 gajere ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba, baƙi da fari, labarin marainiya da ta tashi a gidan sistoci tana gab da ɗaukar alkawari sai aka ce ta fara zuwa ta ga innarta, a nan ta ji cewa ita Bayahudiya ce kuma an kashe iyayenta lokacin yaƙi, suka kama hanya neman kabarinsu. Innar tsohuwar mai gabatar da ƙara ce ta gwamnatin kwaminisanci, ga taba ga giya, ita kuma yarinyar ko magana ba ta cika yi ba. Ya ci Oska ta fim ɗin harshen waje a 2015. Shiru ya yi yawa a cikinsa, kuma da gangan ake ajiye fuskokin mutane a can ƙasan hoto a bar sarari a sama, to a ƙaramar waya ba za ka ji daɗinsa ba, ka nemi talabijin ko kwamfuta. Ɗayan kuma Les Innocentes na 2016, a ƙarshen 1945 wata likita Bafaranshiya ta ƙungiyar Red Cross ta tarar da sistoci da dama ɗauke da ciki bayan sojojin Sobiyet sun afka wa gidansu, ga kunya ga tsoron kar gari ya ji. Tsakanin biyun wannan ya fi nuna zaman gidan, addu'ar asuba, waƙar ibada, yadda wata imaninta ke girgiza wata kuma nata ke ƙaruwa, amma yana da ciwo ƙwarai, kar mai juna biyu ko wadda ta taɓa shiga irin wannan bala'in ta kunna shi ba shiri. Rabinsa da Faransanci ne, 'yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi za su fi mu morewa, sauran mu sai da rubutun fassara a ƙasa, Ida kuma gaba ɗaya da harshen Folan ne.

The Magdalene Sisters na 2002 da Philomena na 2013 su kuma ɓangaren baƙin tarihi suka ɗauko, gidajen da sistoci suka riƙa tsare 'yan matan da suka yi ciki ba aure a Ayalan suna wanki ba biya, ana raba wasu da 'ya'yansu. Abin ya faru da gaske, gidan wankin ƙarshe sai 1996 aka rufe shi, gwamnatin ƙasar ta nemi afuwa a 2013. Philomena da Judi Dench ya fi sauƙin kallo, uwa ce tsohuwa tana neman ɗanta bayan shekara hamsin kuma ba ta bar addininta ba. Na farkon akwai duka da tsiraici na wulaƙanci. Roƙona dai kar ya zama su kaɗai mutum ya kalla ya yanke wa duk sistocin duniya hukunci.

Black Narcissus na 1947 na masu son kyan hoto ne, sistocin Angilikan a wani tsohon gidan sarauta a tsaunukan Himalaya inda iska da kaɗaici suka rikita su, kusan duk a situdiyo a Ingila aka ɗauke shi amma ba za ka gane ba. The Nun na 2018 da na biyunsa na 2023 horo ne zalla na dangin fina-finan aljanu na Conjuring, aljani ne cikin kayan sista, in tsoro kake nema ga shi nan amma babu abin da za ka koya. Benedetta na 2021 kuwa cike yake da tsiraici da abin da Kiristoci da yawa suka ɗauka cin mutuncin addininsu ne, ni ban ba kowa shawararsa ba.

Maganar kuɗi, kar ka biya kuɗin wata a wata manhaja don fim ɗaya sai ka fara bincika sunan ka ga yana nan a ƙasarku, don abin da ke Netflix na Amurka ba lallai ya kasance a na Najeriya ko Gana ba, tsofaffin nan ma sau da yawa haya ake bayarwa ɗaya ɗaya. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya na cin wajen 1GB a matsakaicin hoto, har 3GB a HD, to ka lissafa fim ɗin awa uku. Doubt da Sister Act ko a ƙaramin hoto ba ka rasa komai ba, ka ajiye HD ɗin don Ida da Black Narcissus. Sannan dan Allah ka riƙa haɗa suna da shekara in za ka nema, saboda akwai The Nun na Faransa na 1966 da na 2013 waɗanda ba horo ba ne, labarin yarinyar da iyayenta suka tilasta wa shiga gidan sistoci ne, Les Innocentes kuma da Turanci The Innocents ake rubuta shi alhali akwai fim ɗin fatalwa na 1961 mai wannan sunan da wani na ƙasar Nowe na 2021, Black Narcissus ma an sake yin shi a 2020 kashi uku na talabijin. In wurin mai turi ka je ka sa ya buɗe maka minti biyu na farko ka gani da idonka, ka kuma duba ko rubutun fassarar yana fitowa kafin ka ba shi kuɗi.