Wata uku a jim da kilo 112

Likita ce ta tura ni. Hawan jini ya fara leƙowa, gwiwar dama kuma tana ƙara in na hau bene. Ta ce, "Hajiya, ko ki fara motsa jiki ko mu ƙara miki magani." Sai na yi rajista a wani jim, wato gidan motsa jiki, kusa da unguwarmu a Kano, saboda sun ware wa mata safiya.

Ranar farko saura kaɗan ta zama ta ƙarshe. Sikelinsu a bakin ƙofa yake, gefen teburin karɓar kuɗi, inda kowa ke giftawa. Yarinyar wurin ta ce in hau, ta leƙa, ta ɗaga murya ta faɗa wa mai rubutawa: "Ɗari da sha biyu!" Mata uku suka juyo. Ban gama sa takalmi ba ta zaro shayin rage teɓa daga ƙarƙashin tebur, wai sati biyu zan ga aiki. Abin mamaki, a gidan biki ni ake cewa hutu ya karɓe ni, a nan kuma kallon majinyaciya ake min.

Kocin mata ce ta sa na dawo. Ba ta tambaye ni kilo nawa nake son zubarwa ba. Cewa ta yi, "Anti, me likita ta ce, kuma wace gwiwar ce?" Ta ɗauke ni daga injin gudu ta kai ni kan keke mai majingina, wanda nauyin jiki ba ya sauka a gwiwa. Ita ta nuna min ƴar takardar da ke manne a jikin kowane inji, mai faɗin iyakar nauyin da yake ɗauka. Biyu daga ciki sun yi min kaɗan, kuma da ba ta faɗa ba babu mai faɗa min. Minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, ta raba min shi minti 30 kwana biyar. Ma'auninta kuwa mai sauƙi ne: in ina iya magana amma ba na iya rera waƙa, to saurin ya yi daidai.

Sauran kayan wurin da siririya a rai aka saye su. Sirdin kekunan tsaye bai fi tafin hannu ba. Rigunan da suke sayarwa babu wadda ta shige ni, da doguwar rigata da wando nake yi. Ga ƴan mata masu kafa waya suna ɗaukar bidiyon TikTok gaban madubi, ba ruwansu da wadda ta fito a bayansu tana haki. Sau biyu ina magana. In an ɗauke wuta kuma, kafin a ta da janareta kin jiƙe sharkaf.

Kilo huɗu kacal na rage. Amma yanzu ina tashi daga sujada ba tare da na dafa bango ba, kuma likita ba ta ƙara maganin ba. Zan sabunta rajista muddin kocin nan tana wurin. Mai jiki irin nawa da ke son gwadawa, ta nemi ganin mai horarwa kafin ta biya ko sisi, ta kuma duba takardun jikin injinan da idonta.

Na roƙi manajan a mayar da sikelin ɗakin canja kaya. Ya ce, "Za a duba, Hajiya." Jiya ma a bakin ƙofa na wuce shi.