Hawan Kibo ko Mambila: wanne za ka fara hawa da keke?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce shekara biyu ke nan kana fita da mu ranar Asabar, daga Kawo zuwa Jaji ka dawo ko haki ba ka yi, yanzu kuma ranka ya biya da tsauni na gaske irin wanda kake gani a tseren keke na Faransa. Kana da hutun sati ɗaya a Disamba, shin Hawan Kibo za ka nufa ko Mambila? Na hau Kibo sau uku, Mambila sau ɗaya tak, to bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Ka fara sanin inda kake tsaye. Kaduna tana kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga doron teku, kuma shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Hanyar Zariya 'yan tudu ne da gangare, kafin cinya ta ɗau zafi ka riga ka sauka ka huta. Babban hawanmu a nan gadar Kawo ce, abin dariya. Tsauni ba ya ba da wannan hutun. Ka ɗaga ƙafa daga feda na daƙiƙa biyu, keke ya tsaya cak, kai kuma ka nemi ƙasa da ƙafa. Jikin da ya saba da Jaji bai san wannan yaren ba tukuna.

Kibo yana kusa. Yana kan hanyar da ta taso daga Akwanga zuwa Jos, a ƙaramar hukumar Riyom, kusa da inda ruwan Assop yake zubowa. Daga nan Kaduna ka ɗora keke a mota ka bi ta Kaciya da Kafancan, ka wuce gindin duwatsun Kagoro, ka faɗa babbar hanya a mahaɗar Forest. Tafiyar yini ce, har da ragowar rana. Mambila kuwa sai ka ware kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Sai ka isa Jalingo, ka bi ta Bali da Serti, sannan ka kai Mayo Selbe inda gindin tsaunin yake. A hutun sati ɗaya, kwana huɗu sun tafi a kujerar mota, keken yana ɗaure a sama yana shan ƙura. Wannan kaɗai ya ishi mai lissafi ya yi tunani sau biyu.

Amma a wajen hawan kansa, ba a haɗa su. Kibo gajere ne, mai zafin rai. Yana ɗaga ka daga ƙasan kwari zuwa tudun Jos, wanda garin kansa yake kan mita 1,200 da ɗoriya, kuma in ka daure ka cije, wahalar tana da iyaka da ido zai iya hangowa. Mambila ba ta da wannan tausayin. Matsakaicin tsayinta wajen mita 1,600 ne, kuma daga Mayo Selbe zuwa Maisamari hanya tana ta naɗewa a jikin dutse kamar rawani. Akwai wurin da ake kira Biyu da Sisi, sunan da ake dangantawa da kuɗin da ake biyan 'yan dako a zamanin sulalla don su haura da kaya. Duk lanƙwasar da ka sha sai ka ce ita ce ta ƙarshe, ka zagayo ka tarar da wata tana jiranka a sama. A nan na fahimci hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun ina ƙirga lanƙwasa har na daina, na koma ƙirga numfashi.

Tunda Faransa ce ta tayar maka da tsumi, ga ma'auni. Alpe d'Huez da kake gani a talabijin, tsaunin nan na tseren Faransa, tsawon hawansa kilomita 13.8 ne, lanƙwasa 21, tudunsa kashi 8.1 cikin ɗari a matsakaici. Ma'anar wannan lissafin ita ce duk mita 100 da ka ci gaba, ka ɗaga sama da mita 8. Tun 1952 ake hawansa a tseren, shekarar da Fausto Coppi ya ci, kuma Marco Pantani ya taɓa gama shi cikin ƙasa da minti 38. Irina da kai, in muka yi shi a awa ɗaya da rabi sai mu yi walima. A ƙasar nan Mambila ce take kusa da wannan ɗanɗanon, sai kuma hanyar Obudu a Kuros Riba mai kilomita 11. Kibo ɗanɗano ne na cokali ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na tashi rubuta maka da tsawo. Hatsarin wuraren nan biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma a duka biyun saukowa ta fi hawa ban tsoro.

A Kibo abokin gabarka tirela ce. Hanya ce ta manyan motoci, tankokin mai da gingimari, kuma sunanta ya yi ƙaurin da ya yi ne saboda yankewar birki. Karona na farko na iske wata tirelar siminti tana rarrafe a tsakiyar hawan, yaron mota yana biye da ita a ƙasa rungume da waigi, yana jira ta tsaya ya cusa mata a taya kada ta koma da baya. Na wuce su a kan keke, yaron ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ma in sa maka?" Dariya ta kusa kayar da ni. Amma can gaba kaɗan sai warin birkin da ya ƙone ya cika min hanci, ga ɓaraguzan motoci a cikin kwari sun yi tsatsa. Mai hawa yana ganin abin da ke gangarowa. Mai sauka kuwa ya ba wa tirela baya, bai san halin da birkinta yake ciki ba. Tun daga ranar na yanke wa kaina hukunci: Kibo ina hawansa da keke, ina saukowa a mota. Duk wanda ya ce tsoro ne, na yarda.

A Mambila manyan motoci ba su kai haka yawa ba, sai tsofaffin Land Rover da babura masu lodi. Abin da zai cuce ka can tsawon gangaren ne da nisa da taimako. Kekena na lokacin birkin roba ne mai matse gargare. Na riƙe birki tun daga sama ban saki ba, kamar yadda duk baƙo yake yi. Da na tsaya shan ruwa na kai yatsa na taɓa gargaren, wallahi kamar murfin tukunya a kan wuta. Wani mai babur da ya tsaya kallona ya ce in zauna ya huce, in ba haka ba taya za ta fashe. Gaskiyarsa ce, zafin gargare yana iya fasa tiyub, kuma fashewar tayar gaba a lanƙwasa ba a ba da labarinta. Dabarar ita ce ka matse da ƙarfi kafin ka shiga lanƙwasa, ka saki, ka bar iska ta sanyaya shi, ka sake matsewa. Birkin faifai ya fi jure wannan aikin, kuma yatsu ba sa mutuwa da wuri. Ga ramuka da tsakuwa a inda ruwa ya ci hanya, shi ya sa siririyar taya mai faɗin milimita 23 ba ta da wurin zama can. Ka sa 28, in firam ɗinka zai ɗauki 32 ma ya fi. Mai gyaran keken tsere kuwa kada ka sa rai. Tiyub biyu, faci, famfo da mahaɗin sarƙa duk su kasance a aljihunka.

Na ga kekenka, irin gwanjon nan ne mai haƙoran giya 53 da 39 a gaba, babban na baya 25. A hanyar Zariya doki ne. Amma duba lissafi: a giyarka mafi sauƙi, juyin feda ɗaya yana tura ka wajen mita 3.3. In ka sa 34 a gaba da 34 a baya, juyi ɗaya mita 2.1 ne kacal, wato nauyin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Da giyarka ta yanzu za ka iya murƙushe Kibo a tsaye kana zagin kanka. Mambila kuwa gwiwa za ta ajiye ka tun ba ka yi rabi ba, ka ƙarasa kana tura keke Fulani suna yi maka sannu. Kada ka sayi sabon keke saboda wannan. Canza haƙoran kawai, ka tambayi mai gyara ko abin canza giyarka na baya zai ɗauki 34, don gajere ba ya ɗauka.

Batun iska, mutane suna zuzuta shi. Ƙarancin iskar shaƙa yana fara cizo sosai ne daga wajen mita 2,000 zuwa sama, irin tsaunin Galibier na Faransa mai mita 2,642, ko Asmara garin ɗan tseren keke Biniam Girmay da ke sama da mita 2,300, shi ya sa 'yan Eritiriya suke da huhu kamar zugazugi. A Jos da kyar za ka lura. A Mambila za ka ji numfashi ya ɗan gajarta, ba wani abin tashin hankali ba. Sanyi ne zai ba ka mamaki. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga shi Disamba ce, ga rigarka jiƙe da gumi. A Maisamari na tsaya ina karkarwa da rana tsaka. Hazo kuma yakan rufe hanya da safe har ka kasa ganin saniyar da ke gabanka. Rigar iska da safar hannu da fitilar baya ba ado ba ne.

In don kyau ne, Mambila ta yi wa Kibo fintinkau. Tuddai kore shar, shanu warwatse a kai, gonakin shayi a Kakara kafin ka kai Gembu. A saman Kibo ladan da za ka samu shi ne mata masu tallan dankali da kabeji da karas, su ma ba laifi, ka cika but ka kawo wa gida.

Shawarata, wannan Disambar ka tafi Jos. Ka sauka can kwana huɗu, ka yi ta zagaya tudun, ɓangaren duwatsun Shere da hanyar Bukuru, ƙafarka ta koyi dogon hawa. Rana ta uku ka sa mota ta kai ka gindin Kibo da sassafe, bayan gari ya waye sosai, ta biyo ka a baya da fitilun gargaɗi a kunne. Ka tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya kwana ɗaya kafin ka tashi, musamman ɓangaren Kaciya da Riyom, kuma kada ka yi tafiyar yamma. Dabino da ayaba a aljihu, ka riƙa ci tun yunwa ba ta zo ba. Mambila mu bar ta sai Nuwamban baɗi bayan ɗaukewar ruwa, mu haɗa mutum huɗu ko biyar da mota ɗaya, ni ma ina da bashin da zan biya a Biyu da Sisi.

Ranar Asabar ka zo da keken da wuri, akwai haƙoran baya masu 32 da na cire a nawa, mu gwada ko za su shiga.