Mai gyaran da ya gano kukan kekena

Wata biyu kekena yana ƙas-ƙas duk sanda na taka feda da ƙarfi. Na zuba wa sarƙa mai har na gaji, a banza.

Wannan mai gyaran ya burge ni, don bai yi gaggawar kwancewa ba. Ya fara ɗaure feda da sirdi, ya ce su ma sukan yi irin wannan kukan. Sannan ya sauke sarƙa, ya girgiza hannun feda gefe da gefe, sai ga shi yana lilo. Da ya buɗe gindin keken, inda hannun feda ke juyawa, giris ya bushe, boris ɗin hagu duk tsatsa ta cinye su. Ruwa ne ya shiga.

Ya canza boris, ya cika giris. Jiya na hau tudu, tsit kake ji.